Lambar da ke Gindin Turmi

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin ana kirana Shekarau, har wasunku sai da suka shiga makaranta suka san sunana na yanka Abubakar ne. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku inda sunan ya samo asali ba, domin ni kaina rabin labarin na sani. Yanzu da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro, bayan shekara huɗu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci duk la'asar, na ga gara in rubuta da kaina, ko da a hankali ne, kafin wani ya ba ku shi a karkace. Labarin kakanku ne, Isa, wanda ake kira Baba Kofur, da kakarku Inna, da shekarar da aka zo neman auren yayarku Sa'adatu.

Manyanku sun riski Baba Kofur. Dogo ne, ba ya ranƙwafawa ko da ya tsufa, kuma duk Birnin Kudu ba wanda kunyar gonarsa ta kai tasa miƙewa, domin da igiya yake jan ta. Shi yake wanke kayansa, shi yake ɗinke maɓallin rigarsa, kuma in Inna ta kwanta ciwo sai ya ɗora tukunya ya tuƙa mana tuwo, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna dariya ƙasa-ƙasa. Bai taɓa dukanmu ba. In ka yi laifi sai ya tsayar da kai a tsakar gida, hannu a cinya, ya tafi harkarsa, sai ya ga dama ya dawo ya sallame ka. Zancen yaƙi kuwa ba ya yin sa. In yara sun matsa, sai ya ce ruwan sama ya fi harsashi damun su, ya rufe bakinsa. Amma akwai wata al'ada da ya taho da ita daga bariki, wadda bai bari ba har ya koma ga Allah: komai nasa sai ya sa masa lambarsa ta soja. Yakan sa ƙusa a wuta ta yi ja, ya zana lambar a ƙotar fartanya, a bakin akwatinsa, a gindin akushi, har a sandar da yake kora awaki. Inna takan ce saura mu ya ƙona wa a goshi.

"Abin da ba ka sa wa lamba ba, gobe wani zai ce nasa ne," in ji shi. "Haka aka koya mana."

Wata huɗu da aurensu ya shiga soja, yaƙin basasa ya tafi da shi kudu. Inna ta koma gidansu a Fagam, can ƙasar Gwaram, don jinyar mahaifiyarta. Da ta dawo Birnin Kudu, mijinta ya fi shekara da rabi ba wanda ya sa shi a ido, ita kuwa ga ciki ya fito. Ta ce cikin tun na farkon aure ne, kwanciya ya yi sannan ya tashi. A wancan zamani ana yarda da haka, kuma ɗan da aka ce ya shekara a ciki Shekarau ake ce masa. Kakana, mahaifin Baba, ya karɓi maganar, ya yanka rago. Da yaƙi ya ƙare Baba ya dawo, ya ɗaga ni sama, ya ɗora ni a wuya ya zaga gari da ni, bai tambayi kowa komai ba. A gabansa ba wanda ya isa ya yi tari. A bayansa kuwa mata sun ƙirga watanni da yatsu, kuma ba su daina ba. Na sha zuwa bakin rijiya hira ta yanke. Wata rana na kayar da wani a kokawa, ya tashi yana kakkaɓe ƙasa ya ce in je Fagam in tambayi wanda nake kama da shi. Ban kai ƙara gida ba. Na ga Baba yana sona, na ce wannan ya ishe ni, na haɗiye maganar har na yi furfura.

Shekara uku bayan rasuwar Baba, Nura ya fito neman Sa'adatu. Mutanen Maruta ne, yana gyaran injin ban-ruwa, yaro mai natsuwa, ita ma tana sonsa, kowa ya gani. Kamar yadda aka saba, danginsa suka shiga binciken asali. Maruta da Fagam ba nisa, tsofaffinsu suna cin kasuwa ɗaya. Ranar da aka sa za su kawo gaisuwar iyaye ta zo ta wuce, ba su zo ba, ba su aiko ba. Bayan mako biyu sai ga baffan Nura, Alhaji Sale, ya yi sallama a zaure. Mutumin kirki ne, sai juya hularsa yake a gwiwa.

"Malam Habu, ni ba na son magana ta bayan gida, shi ya sa na zo da ƙafata. Yarinya ba ta da aibu. Kai ma ba wanda ya faɗi sharrinka."

"To mene ne, Alhaji?"

"Tsofaffinmu mata ne. Sun ce a da can an yi wata magana a Fagam. Ni na ce musu ɗa na mai aure ne, shari'a ta gama. Suka ce shari'a ta gama, amma su ba su gama ba. Ka ba ni abin da zan riƙa in koma musu da shi."

Na raka shi bakin hanya na dawo. Sa'adatu tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Ba ta yi kuka a gabana ba, amma kwana uku tuwonta yana komawa kicin yadda aka zubo shi. A nan na gane haƙurin da nake taƙama da shi ba ni kaɗai nake biyansa ba. Abin da na haɗiye shekara hamsin, ga shi ya tsaya a wuyan 'yata.

Na shiga ɗakin Inna da hantsi, tana tsince wake. Kun san ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido cikin ido ba. Na durƙusa na faɗa mata yadda muka yi da Alhaji Sale. Hannunta bai tsaya ba.

"Abin da na faɗa wa kakanka shi ne, kuma ya karɓa. Kai ne za ka ƙi?"

"Inna, ba ƙi na yi ba. Auren Sa'adatu ne zai lalace."

"Allah ya kawo mata wani."

"Shi ma wanin zai yi bincike."

Ta ɗauki faifanta ta juya mini baya. Na daɗe a durƙushe, sannan na miƙe. Da na fito na ga bayanta yana rawa.

Washegari na hau babur na tafi Fagam wurin ƙanwarta, Iya Hanne, wadda ita kaɗai ta rage a tsohon gidan. Iya Hanne ba ta da kunyar ɗan fari a kaina, tsokanata take tun ina yaro. Ta ce wace iska ta kwaso ni, ko na zo ne in nuna mata an koya mini rubuta sunana da tsufa. Ta dama mini fura. Da na kawo maganar da ta kawo ni, sai fuskarta ta rufe kamar ta Inna.

"Ubanka tun da aka ɗaura aure bai ƙara tako gidan nan ba. Kunyar surukai gare shi, kowa ya sani. Ciki ne ya kwanta. Sha furarka."

Muna zaune a gindin tsamiya. Kusa da ni akwai wani tsohon turmi da ya tsage, an kife shi ana ɗora ƙwarya a kai. Na sha ganinsa tun ina yaro, na sha zama a kansa. Na miƙa hannu zan ajiye ludayi, sai idona ya faɗa kan wasu baƙaƙen zane a gindinsa, ƙasa ta cike su. Da a shekarun baya ne, da tsagar itace zan ɗauka. Amma a lokacin shekarata biyu a aji, kuma da malaminmu ya ce kowa ya je gida ya kwafo lambar da ya gani, ta ƙotar fartanyar Baba na kwafo, na yi ta maimaita ta har ta cika shafi uku. Na tofa yawu a yatsa na goge. Bakwai biyu a jere, huɗu mai buɗaɗɗen kai irin nasa, har zuwa taran ƙarshe da yake ja wa wutsiya. Na karanta ta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, mutumin da bai taɓa tako gidan nan da kakin soja ba, yaya aka yi lambarsa ta soja ta zo gindin turminku?"

Ban taɓa ganin tsohuwa ta tashi da sauri haka ba. Ta je ta tura ƙyauren gida ta sa sakata, ta leƙa ta kan katanga hagu da dama, ta dawo tana haki.

"Rufa mana asiri, ɗan nan! So kake a zo a kwashe mu?"

"Wa zai kwashe ku?"

"Soja mana! Yi ƙasa da murya. Kuma ka zama shaida, ni ban faɗa ba, turmi ne ya faɗa."

Daga nan ta ba ni labarin, tana yi tana waige. Da damina ce, dawa ta fi mutum tsawo. Da azahar, mutane duk suna gona, sai ga Baba ya ɓullo ta cikin dawar bayan gida, ya naɗe kakinsa a buhu, ya sa wata tsohuwar riga. An turo su Kano ne da waɗanda suka ji rauni, shi kuwa ya sulale ba izini don ya ga matarsa. Kwana huɗu ya yi a ɗakin baya inda ake ajiye hatsi, ko tari ba ya yi da ƙarfi. Mutum ne da ba ya iya zama haka nan, sai ya ɗauki turmin da ya fara tsagewa ya ɗaure shi da waya, ya gama, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ranar da zai tafi ya ɗauko Alƙur'ani, ya sa su uku suka dafa: surukarsa, da Inna, da ita Hanne. Ya ce in soja suka ji ya bar aiki ba izini a lokacin yaƙi, harbe shi za su yi, waɗanda suka ɓoye shi kuma a ɗaure su. Bayan wata biyu Inna ta gane tana da ciki. Mahaifiyarsu ce ta ce a ce kwantacce ne.

Na ce mata, "Iya, yaƙin nan an gama shi fiye da shekara hamsin. Baba ma yana kabari."

"Su soja suna mantuwa ne? Komai a rubuce yake wurinsu. Mu da muka ɓoye shi ai muna nan da rai."

Sai a lokacin na tuna wani abu da muka ɗauka hali ne kawai na Inna. Duk ranar da jerin motocin soja suka bi babban titi ta Birnin Kudu, takan bar abin da take yi ta shige ɗaki ta ja ƙofa, mu kuwa muna fita kallo. Na hau babur na kamo hanya, ƙirjina wasai kamar an sauke mini buhu, amma ban san yadda zan yi da abin da na samu ba. Turmi ba ya magana a gaban surukai, matan da za su yi magana kuma sun rantse, ga tsoro.

Mutum ɗaya ya rage a gari da suka yi soja tare da Baba, Saje Mamman, wanda yake zama a benci kusa da tasha da sandarsa, kunnensa ɗaya ba ya ji. Na zauna ta ɓangaren mai ji, na tambaye shi a hankali ko har yanzu ana iya kama wanda ya ɓoye sojan da ya sulale. Ya ce wane soja. Na faɗa masa. Saje ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na sayo masa ruwa.

"Kwana huɗun Isa? Ai ni na tsare shi a gadurum da ya dawo! Jirgin ƙasa ya tafi ya bar shi, ya biyo na baya. Kwana goma sha huɗu ya yi a kulle, yana zagaya fili da kaya a baya. Sannan aka tara mu fareti, aka cire masa igiyoyinsa biyu na kofur a gaban kowa. An gama da shi tun a lokacin, yaro. Wa zai harbe shi? Mutane ake nema a bakin daga."

"Wato ba kofur ba ne?"

"Ya yi kofur na wata bakwai. Ya dawo gida ba igiya ko ɗaya. Da muka sauka a tasha mutane suka tarbe shi da Kofur, Kofur, ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, Mamman, ka bar shi a cikinka. Na bari."

Na tambaye shi ko ya san abin da ake faɗa a kaina tun ina ciki. Bai sani ba. Da na faɗa masa, dariyar ta ɗauke. Ya ce wallahi Isa bai sani ba shi ma, domin da ya ji, da ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗi komai da bakinsa. Na yarda da Saje, kuma ina so ku yarda. Ba wanda ya isa ya kai wa Baba wannan magana, Inna kuma kunya da rantsuwa sun ɗaure ta. Shi a wurinsa zance ya mutu tun ranar fareti. Ya ɓoye hukuncin don kada a daina ce masa Kofur, bai san cewa da ya ɓoye shi ya bar mata uku cikin tsoro ba. Kowannensu yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, a gida ɗaya, shekara da shekaru.

Na kwana biyu ina juya abin. In na fito da gaskiya, sunan da Baba ya rayu da shi ya tafi. Ƙanena, baffanku Sani, ya ce kada in kuskura, wai zan tuɓe mahaifinmu a kabari saboda mutanen Maruta, kuma ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata. Na ce masa Baba ya gama da igiya, Inna kuwa tana raye, Sa'adatu ma tana raye.

Na ɗauko Saje a babur na kawo shi gida. Ya zauna a bakin ƙofar Inna ya maimaita mata komai, yana ɗaga murya irin ta kurame. Inna ta saurara har ya gama. Can sai ta ce:

"Malam Mamman, ka ce tuni suka hukunta shi?"

"Tuni, Hajiya. Ni na riƙe makullin."

"Ba mai zuwa?"

"Ba mai zuwa. Waɗanda suka san zancen duk sun mutu, sai ni."

"Amma mutumin nan, Allah ya jiƙansa, ya iya shiru. Ina dafa masa tuwo shekara arba'in da wani abu, ina jin mota gabana yana faɗuwa, shi yana zaune yana sa wa akushi lamba!"

Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Saura rantsuwa. Liman ya ce abin da aka rantse don a tsare ya riga ya wuce, ga kuma cutar da shirun yake jawowa, ta yi kaffara ta ciyar da miskinai goma ta faɗi gaskiya. Inna ta ce da hannunta za ta dafa, kuma ta dafa, har da rabon Iya Hanne.

Ranar Asabar Alhaji Sale ya zo da tsofaffin mata biyu daga Maruta. Na riga na ɗauko Iya Hanne da turmin, na fito da akwatin Baba da fartanyarsa na jera a tsakar gida. Alhaji ya duba lambar a wuri uku, ya karanta wa matan. Saje ya ba da nasa, Iya Hanne ta ba da nata, tana ƙarawa da cewa har yanzu ita dai a rufe ƙofa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ce ita fa ta tuna, a daminar nan an ga Hanne tana kai tuwo ɗakin hatsi, aka ce ɓeraye take kiwo. Aka yi dariya. Alhaji Sale ya sa hularsa ya ce Juma'a mai zuwa za su kawo gaisuwa, kuma sun kawo.

Abin ya ci mana wani abu, ba zan ɓoye muku ba. Akwai masu cewa Kofur ba igiya in an ambaci Baba, suna murmushi. Nakan ji, ya ɗan sosa ni, ya wuce. Saje dai har ya rasu bara Kofur yake ce masa, ya ce mutumin da ya sayar da igiya biyu don ya ga matarsa kwana huɗu ya fi wasu masu tauraro. Baffanku Sani ya sauko da kansa ranar ɗaurin aure. Turmin kuwa Sa'adatu ta roƙa, yana ɗakinta a Maruta, ba a daka a ciki.

Ranar da za a kai amarya gida ya cika da mata, ina tsaye a bakin zaure ana fitar da kaya. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ɗaga murya ta ce ina Shekarau, ya zo ya yi wa 'yarsa faɗa. Sai na ji muryar Inna daga cikin ɗaki, ita da ban taɓa jin ta tanka a kan zancena a gaban mutane ba.

"Ku daina ce masa haka. Wata tara ya yi, kamar ɗan kowa."